Fankar zuƙar ƙura tana ta faɗar da obalod a Jidda, mudir ya ce a ƙara lamba

Ibrahim Sana'iyya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Akwai wata fankar zuƙar ƙura a wata masana'antar katako a nan Sana'iyyar Jidda, irin mai gidan katantanwa, a kan rufi take, bel ke juya ta. Motonta 11 kW ne, layi uku, da sta-delta yake tashi, wato yana farawa da haɗin waya na sta, in ya ɗauki gudu ya koma na delta. Ya taɓa ƙonewa kafin a ba ni aikin, aka kai aka sake naɗa shi. Ni na mayar da shi, na sa sabon obalod, wato na'urar da ke yanke wa moto wuta in ya ja fiye da lambar da aka saita mata. Yanzu yana tashi lafiya lau, amma ko minti 10 ba ya yi sai obalod ya faɗi. Mudir, wato manajan wurin, ya ce wanda yake nan da can bai taɓa samun wannan matsalar ba, wai in ƙara lambar obalod ɗin kawai aiki ya ci gaba. Hankalina bai kwanta ba.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Naɗin ne, ba wani abu ba. Masu naɗin yanzu rage waya suke yi. Ka mayar musu da kayansu.

Mai Kwayil: To fa. Ko gaisawa ba a gama ba har an yanke mana hukunci. Baban Walid, duk moton da ya yi tari a Saudiyya sai a ce mai naɗi ne? Ibrahim, lokacin da aka buɗe shi wancan karon, ka ga kwayil ɗin, wato naɗin wayar cikinsa, da idonka? Duka ne ya yi baƙi ko wani sashe?

Ibrahim Sana'iyya: Ban gani da ido ba Malam, amma akwai hoto a wayar mai kula da wurin. Duka ya yi baƙi ƙirin, zagaye guda, gaba da baya. Har igiyar ɗaurin ta zama toka.

Mai Kwayil: Madalla. Mu da muke buɗe su kullum, ƙunar ita ke gaya mana abin da ya kashe moto. Idan layi ɗaya ne ya ɗauke ya ci gaba da tafiya a kan biyu, za ka ga ƙunar ta zaɓa: a haɗin sta kashi biyu sun gasu ɗaya yana nan da jan tagullarsa, a haɗin delta kuwa ɗaya ne zai ƙone biyu su tsira. Idan waya ta taɓa 'yar'uwarta, wuri ɗaya za ka ga ya fashe, tagulla ta narke ta yi 'yan ƙwallaye. Amma in ka ga duka ya dahu daidai wa daida, varnish ya bushe yana ɓarewa a yatsa, to nauyi ne ya yi masa yawa ya daɗe yana jan wuta fiye da ƙarfinsa. Wato abin da ya kashe shi da farko yana nan, ba a taɓa shi ba.

Baba Alhaji: Ibrahim, bar zancen baki. Karanto mana abin da ke jikin farantin moton, layi-layi. Sannan ka sa mitar maƙalawa ka ba mu amfiya na kowane layi, da volt tsakanin layi da layi. Kuma nawa ka sa obalod ɗin, a ina yake zaune?

Ibrahim Sana'iyya: To Baba. Faranti: 11 kW, 400/690 V, delta/sta, 21 A a kan 400, 50 Hz, juyi 1460, IP55, aji F. Awo bayan ya koma delta: 30, 29, 31. Volt 394, 391, 396. Obalod yana ƙarƙashin babban kwantakta, makunnin da ke ba moto wuta, a kan wayoyin da suka tafi U1, V1, W1 a akwatin moton. Na sa shi a 12. Tsohon da na cire a kan 21 na same shi.

Baban Walid: Ai ga matsalar nan. Faranti ya ce 21 kai ka sa 12, yaya ba zai faɗi ba? Mudir ya fi ka gaskiya.

Baba Alhaji: A'a Baban Walid, yaron nan daidai ya yi. A sta-delta wayoyi shida ne ke zuwa moto. Obalod ɗin da ke zaune a inda ya faɗa ba wutar layi gaba ɗaya yake gani ba, ta cikin kwayil yake gani, ita kuwa kashi 58 cikin 100 ce ta wutar layi. Ka buga 21 sau 0.58, 12 da ɗan ɗoriya za ka samu. Wanda ya sa 21 a wannan wuri, tamkar ya ce wa moton ya sha har amfiya 36 ba mai ce masa kanzil. Shi ya sa "bai taɓa samun matsala ba" har ranar da hayaƙi ya tashi. Abin da mudir yake so a yi, ɗaure bakin kare ne don yana damun mutane da haushi, ɓarawo kuwa yana cikin gida.

Injiniya Bashir: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga zancen. Baba ya gama da obalod, ba abin ƙarawa. Ni wuri ɗaya na tsaya a farantin: 50 Hz, wato sau nawa wutar ke kai da komo a daƙiƙa ɗaya. Ibrahim, daga ina aka sayo fankar nan?

Ibrahim Sana'iyya: An ce daga Dubai mai wurin ya kawo ta, da moton da fuli, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kai, da komai a haɗe.

Injiniya Bashir: To shi ke nan. Wutar Dubai 50 Hz ce, kamar ta Najeriya da Nijar da Sudan da Turai. Kuwait, Katar, Bahrain, Oman duk 50 ne. Saudiyya ce ta fita daban a yankin, tana kan 60 kamar Amurka. Har layin da ya haɗa wutar ƙasashen Gulf sai da aka gina masa tashar juya wuta a Fadhili, nan Gabas kusa da mu, don 50 da 60 ba sa haɗuwa kai tsaye.

Gudun moto irin wannan ba daga volt yake zuwa ba, daga Hz ne da yawan fol, wato kawunan maganaɗisun da naɗin yake samarwa. Mai fol 4 a kan 50 yana bin 1500, shi ya sa ka ga 1460 a faranti. Ka ɗora shi a kan 60, sai ya bi 1800, ya zauna wajen 1750. Ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan.

Da injin niƙa ne ko bel mai jan kaya, da abin bai kai haka ba. Fanka kuwa halinta daban. Idan gudunta ya ƙaru sau 1.2, iskar da take ja ta ƙaru sau 1.2, matsin iskar ya ƙaru sau 1.2 sau 1.2, wato 1.44, ƙarfin da take nema a wurin moto kuma sau 1.2 har sau uku, wato 1.73. A ce a Dubai tana cin 9 kW, moton 11 yana ɗauke da ita hankali kwance. Ranar da aka kunna ta a Jidda ta koma neman 15 da rabi. Shi kuwa moton, tunda volt ɗin bai tashi tare da Hz ba, ƙarfinsa yana nan wajen 11 ɗinsa. Amfiya 30 da ka auna, lissafin ya fita cif.

Ɗan Mai Wurno: Wallahi Injiniya ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu da muka koyi aiki a Sinnar da Madani, ba wanda yake kallon wannan layin na faranti, don ko'ina 50 ne, kW da volt kawai ake dubawa. Sai mutum ya tsallako Bahar Maliya ya ga famfo da fanka suna ta mutuwa a hannun mutanen da suka iya aiki. Akasin haka ma yana faruwa: kayan da ake ɗauka daga nan a jirgin ruwa zuwa Sawakin, in mai 60 ne zalla, can sai ya rage gudu, ƙarfen ciki ya riƙa ɗaukar zafi.

Baban Walid: To ni a Makka na ɗaura motoci masu 50 ba adadi, suna nan suna aiki har gobe. Wannan lissafin na takarda ne.

Injiniya Bashir: Ban musa ba Yaya. Da yawa farantinsu layi biyu ne, 50 da 60. Wasu kuma an sa moton da ya fi aikin girma tun farko, sai ya shanye ƙarin ba a sani ba. Moto kansa bai ƙi 60 ba. Abin tambaya shi ne me aka ɗaura masa. Ka tuna cikin waɗanda ka ɗaura, nawa ne fanka mai bel da aka zaɓa mata fuli a ƙasar 50?

Baban Walid: Sai na duba. Amma in haka ne ai da sauƙi, ya rufe damfa, ƙofar iskar da ke bututun, rabi, amfiya za ta sauka.

Auwalu Zazzau: Za ta sauka a irin wannan fankar, gaskiya ne, mai katantanwa in ka rage mata iska nauyi yana raguwa. Amma kar wani ya karanta ya je ya yi wa mai fukafukai irin ta cikin bututu, ita sau da yawa in ka toshe ta ƙara jan wuta take yi. Sannan damfa ba ta rage gudu. Farfelar tana nan tana juyi fiye da yadda aka ƙera ta, ƙarfin da ke neman yage ta ya ƙaru da kashi 44, boris ma yana shan wahala. Farfelar da ƙurar katako ta riga ta ci gefenta, ba na so in tsaya kusa da ita a wannan gudun.

Mai Kwayil: Yau Bazazzagi ya yi magana mai ma'ana, a rubuta kwanan wata.

Auwalu Zazzau: Ka ji bawa yana yi wa ubangidansa shaida. Je ka ci gaba da ƙona ƙarfen mutane da wutar walda.

Mai Kwayil: Wannan kam ba a shagona ba. Amma da gaske wasu suna yi: a sa wa moto harshen wuta don a zare tsohuwar waya da sauri, rufin da ke tsakanin siraran ƙarafan ya lalace, daga nan moton ya riƙa zafi ko ba a ɗora masa komai ba. Ibrahim, cire bel, kunna shi haka nan babu kaya ka auna. In ka ga wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ke faranti, ko ɗan sama kaɗan, layukan uku kuma sun yi kusa da juna, naɗin ba shi da laifi. Kuma kar wani ya ce maka a kawo a "naɗa shi zuwa 60". Ko na canja yawan zagayen waya, muddin fol 4 ne, 1750 zai yi.

Ibrahim Sana'iyya: Na fahimta. To mene ne mafita mafi sauƙi? Mai wurin ba zai sayi sabon moto yanzu ba.

Injiniya Bashir: Tunda bel ne, ka yi sa'a. Auna fulin da ke kan moto.

Ibrahim Sana'iyya: Milimita 200.

Injiniya Bashir: Kana son kashi 5 cikin 6 nasa, wato wajen 167. A kasuwa za ka samu 170 ko 160. Mai 170 zai mayar da fankar kusan gudunta na asali, sama da kaɗan. Mai 160 zai kai ta ƙasa kaɗan, moto ya ƙara samun sarari. Ka tabbata ramin bel iri ɗaya ne da na da, ramin shaft ma haka. Wataƙila sai ka ja moton baya a kan silaidinsa ko ka sayi bel da ya fi gajarta. In bel biyu ne ko uku, canja su gaba ɗaya, kar ka haɗa tsoho da sabo.

Ɗan Mai Wurno: Ni da inbata zan sa, irin mai saita gudun moto, in kulle ta a 50 Hz, kalas. Ta ba shi tashi a hankali, a huta da sta-delta da kukan bel da safe, in ana son rage iska a rage a ga sauƙin kuɗin wuta.

Baba Alhaji: Inbata aba ce mai kyau a inda za a kula da ita. Amma dubi wurin: masana'antar katako, ƙura kamar gari, zafin Jidda da danshinta. Yawancinsu a kan digiri 40 aka auna ƙarfinsu, in ya wuce sai an rage musu kaya. Ka sa ta a akwatin da ba tace iska, wata nawa za ta yi? Sannan yaran da ke wurin, wa ya san in an kashe wuta akwai caji a cikinta da zai iya kashe mutum, sai an jira mintocin da aka rubuta a jikinta an kuma auna? Fuli ƙarfe ne, ba ya neman kowa ya lallashe shi.

Ɗan Mai Wurno: Baba ba na ja da ku, amma zamani ya zo. Duk sabon aikin da muke yi a Yanbu da ita ake yi.

Baba Alhaji: A Yanbu akwai ɗakin wuta mai AC da injiniyan da ake biya don ya duba ta. Ibrahim shi kaɗai ne da jakar kayan aikinsa.

Ibrahim Sana'iyya: Salam. Ga bayani. Jiya na cire bel na kunna shi babu kaya, 7 da ɗan wani abu a kowane layi, Malam Mai Kwayil an wanke ku. Na samo fuli 170, na sa sabbin bel, na miƙa zare a fuskar fulin biyu har suka daidaita. Yanzu 19, 19, 20. Tun safe yake aiki obalod bai motsa ba, yana nan a 12. Allah Ya saka da alheri. Sai dai mudir yana ƙorafi wai zuƙar ta ragu, a injin na ƙarshe ƙura tana saura.

Auwalu Zazzau: Dole ta ragu, sun saba da fankar da ke kashe kanta don ta faranta musu. Kafin a ce fanka ta gaza, bi bututun. Jakunkunan tace ƙura yaushe rabon da a kakkaɓe su? Akwai bakin da aka bari a buɗe a injin da ba ya aiki? Akwai inda tiyo ya yage? Kuma duba kibiyar da ke jikin gidan fankar. Mai katantanwa ko da baya take juyi tana fitar da iska, kaɗan dai, sai mutum ya ɗauka daidai take. In ta saɓa wa kibiya, layi biyu za ka musanya, amma daga sama wajen shigowar wuta, kar ka taɓa wayoyi shidan nan ka rikita delta.

Injiniya Bashir: In an yi duk wannan kuma da gaske iskar farko suke bukata, to maganar kuɗi ce: moto 18.5 kW, a sake duba kaurin kebul da kwantakta da bireka, a kuma nemi takardar maƙerin fankar a ga iyakar juyin da farfelar za ta iya ɗauka. Ka rubuta masa wannan a takarda ya sa hannu ya karɓa. Gobe in wani ya zo ya mayar da tsohon fuli, kar a ce kai ne.

Wani abu kuma, moton yana rufi cikin rana. Abin da ke faranti an ƙiyasta shi ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. Aji F yana jure 155 a cikin kwayil, amma abin da aka sani a sana'ar shi ne duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan rufin waya biyu. Yi masa 'yar rumfa da kwano, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa, a riƙa share ƙurar da ke cika tsakanin haƙarƙarinsa da ragar murfin baya.

Baba Alhaji: Ni tambayata daban ce. Da ka hau canja fulin nan, me ka kashe, kuma wa ke riƙe da makulli?

Ibrahim Sana'iyya: Na sauke bireka a ƙasa Baba, na gaya wa mai gadi kar a taɓa.

Baba Alhaji: Mai gadi zai tafi salla, wani ya zo ya ga injinsa ba zuƙa ya ɗaga bireka, kai kuwa yatsunka suna tsakanin bel da fuli a hawa na sama, ba mai ganinka. Kwaɗo ake sawa, makullin a aljihunka, da takarda mai sunanka rataye. In birekar ba ta da wurin kwaɗo, ana sayar da abin maƙala mata. Daidai ma shi ne a sa makashi a rufin, kusa da fankar, inda idonka yake kansa. Bayan ka kashe, gwada mitarka a wurin da ka san akwai wuta, auna layukan uku da juna da kuma ƙasa, sake gwada mitar. Sifiri daga mitar da batirinta ya mutu ya kai mutane da yawa asibiti.

Ɗan Mai Wurno: A ƙara da iska. Fankar rufi ko an yanke mata wuta, iskar teku in ta shiga bututu tana juya farfela, bel ya ja hannu. Sai ta tsaya cak, a tokare ta da katako, a kuma tuna a cire kafin a kunna. Kuma jallabiya da shimagi ba kayan hawa wurin bel ba ne. Na ga wanda gefen mayafin wuyansa ya shiga, Allah Ya sa ƙyallen ya tsufa ya yage. Murfin bel ɗin ma a mayar da shi da duk kusoshinsa, ba a jingine a gefe ba.

Baban Walid: Nan kam ba gardama. Ku ƙara da tsofaffin gine-gine. Tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230/400, amma har yau akwai unguwannin da ke kan 127/220. A can 220 ɗin layi biyu ne masu rai, babu nutural a ciki. Ɗan Najeriya ya saba in ya kashe makunni waya ɗaya ta mutu shi ke nan, sai ya kama ɗayar. Ƙananan fankokin kicin na gidajen abinci a nan Makka, a haka suke cin mutane.

Auwalu Zazzau: Wayar atin fa, wato ta ƙasa, Ibrahim? Da aka dawo da shi daga naɗi, an mayar da ita jikin moto ko tana lilo a cikin akwati? Kuma ka sa masa mega, mitar auna lafiyar rufin waya?

Ibrahim Sana'iyya: Atin na ɗaure ta da kaina, na kankare fenti a wurin. Mega ba ni da ita.

Mai Kwayil: Zo ka ara tawa. Cire wayoyi shidan daga moton, sa ta a 500 V, auna kowane kwayil da jikin ƙarfe, sannan tsakaninsu. Ƙasa da megohm 1 kar ka kunna, amma sabon naɗi ya kamata ya ba ka ɗaruruwa. Rubuta abin da ka samu, don in ka sake aunawa bayan hutun Idi ka ga ko danshi ya shiga. A Jidda moton da ya kwana biyu a kashe ya fi mai aiki shan ruwa. Duba ƙasansa akwai 'yan toshe na roba, na zubar da raɓar da ke taruwa a ciki ne. Akwatin wayoyi kuma kebul ya shigo ta ƙasa, gilan da ke riƙe kebul ɗin a ɗaure tam.

Baban Walid: Giris fa? Ni duk wata nake sa a dura.

Mai Kwayil: Shi ya sa kake yawan zuwa wurinmu. Rabin motocin da nake buɗewa, giris ya cika boris ya tsallaka ya shafe kwayil, ƙura ta manne a kai. In boris ɗin rufaffe ne, mai 2RS ko ZZ a ƙarshen lambarsa, ba a sa masa komai, in ya fara ƙara a canja. In mai nono ne, wato bakin dura giris, ɗan kaɗan, a buɗe mafitar tsohon, kuma kar a gauraya iri biyu. Na shaft ɗin fankar su suka fi bukatar kulawa, don su ke shan ƙura da jan bel.

Baba Alhaji: Ibrahim, aikin rumfar nan ka yi shi da sassafe. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, in mudir ya matsa ka nuna masa.

Ibrahim Sana'iyya: To Baba, in sha Allah. Malam Mai Kwayil, zan biyo bayan la'asar in karɓi megar.

Mai Kwayil: Ka taho da batir, nata sun yi sanyi.